ALBASHIN MALAMAI: A ABUJA AKE SA HANNU, A GAMAWA AKE JIRA

Da yawa daga cikin 'yan Arewa masu neman abinci a Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal sun baro iyalinsu a gida, 'ya'yansu kuwa suna makarantun firamare na gwamnati. Mai sayar da albasa a Mile 12, ko dillalin shanu a Agege, ko mai gadi a Ikoyi, yakan aika da kuɗin rigar makaranta da na littafi, ya ɗauka ya sauke nauyinsa. Sai wata rana a gaya masa ta waya cewa yara suna gida domin malamai sun shiga yajin aiki, ko kuwa malamin ajin ya daɗe bai leƙo ba saboda sunansa ya ɓace daga takardar albashi.

Wanda ya ji haka daga nesa yakan ce malamai sun cika son kuɗi, wani kuma ya ce gwamnati ce ta cika rowa. Amma duk wanda ya bi diddigin wannan rigima tun daga 1976 zai ga inda gizo yake saƙar. Ƙungiyar malamai takan zauna da wani ta yi ciniki a sa hannu, wani dabam ke riƙe da kuɗin, sa'an nan kuɗin kansa daga rabon wani na uku ake cire shi. To, in biya ya gagara, kowa sai ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. Ƙaramar Hukumar Gamawa ta Jihar Bauci misali ce mai kyau ta wurin da irin wannan ciniki yake ƙarewa.

INA NE GAMAWA?

Gamawa tana arewa maso gabashin Jihar Bauci, a ƙasar da tarihi ya sani da sunan Katagum, tana kuma iyaka da Jihar Yobe. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 286,388, a fili mai faɗin murabba'in kilomita 2,925. Ban da garin Gamawa kansa akwai Udubo da Gololo da Gadiya da Raga da Kubdiya da Tarmasuwa, da ƙauyuka da rugage masu yawa a warwatse. Mutanenta manoma ne da makiyaya, babban birnin da suke dogara da shi wajen kasuwa da asibiti da karatu mai zurfi shi ne Azare. Zuwa Bauci kuwa, inda ofisoshin ilmi na jiha suke, tafiyar sa'o'i ce a mota.

A irin wannan wuri makarantar gwamnati ita ce kaɗai ƙofar boko ga ɗan talaka. Mai hali a Azare ko Bauci, in malamai suka ajiye alli, sai ya mai da ɗansa makarantar kuɗi. Manomin Gololo ba shi da wannan zaɓi. In aka rufe makaranta wata uku, yaro ya koma gona ko kiwo, yarinya ta koma talla, sau da yawa ko an buɗe ba su komawa. Saboda haka maganar albashin malami a Gamawa magana ce ta ko ɗan ƙauye zai iya karanta wasiƙa ko ba zai iya ba.

ƘUNGIYAR DA TAKE DA TUSHE A BAUCI

Ƙungiyar Malamai ta Nijeriya, watau NUT, an kafa ta ne a Ikko cikin watan Yuli na 1931, shugabanta na farko kuwa shi ne Rabaran I. O. Ransome-Kuti na Abeokuta. A lokacin yawancin 'ya'yanta malaman makarantun mishan ne na Kudu. Malaman Arewa ma'aikatan En'e ne, albashinsu da girmansu da canjin wurin aikinsu duk suna hannun hukumar gargajiya da Turawan ilmi, ba su da wata murya tasu.

Wanda ya ba su murya malamin makaranta ne a Bauci. Malam Aminu Kano ya fara koyarwa a Makarantar Midil ta Bauci a 1942, makarantar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa shi ma ya koyar a cikinta har ya shugabance ta. Bayan Malam Aminu ya komo daga karatun koyarwa a Landan, sai ya tsaya aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, ya zama babban sakatarenta. Abin da suka nema tun a wancan lokaci shi ne albashi mai kyau, da hanyar ƙarin girma, da a riƙa jin ta bakin malami kafin a yanke shawarar da ta shafi aikinsa. A 1972 ƙungiyar malaman jihohin Arewa ta haɗe da NUT, aka zama uwa ɗaya uba ɗaya daga Ikko har Maiduguri. Watau dai malamin Gamawa da malamin Mushin 'yan ƙungiya ɗaya ne, sai dai masu biyansu ne suka bambanta.

SHEKARAR DA AKA BUƊE ƘOFA

Shekarar 1976 ta kawo abubuwa uku a lokaci guda. A watan Fabrairu aka ƙirƙiro Jihar Bauci daga tsohuwar Jihar Arewa maso Gabas. A cikin shekarar aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, aka kawo ƙarshen tsarin En'e. A watan Satumba kuma gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka fi sani da UPE.

An yi lissafin yara miliyan 2 da dubu 300 za su shiga aji ɗaya a wannan shekara, sai ga kusan miliyan 3 sun zo. Aka rasa azuzuwa, aka rasa malamai. Aka buɗe kwalejojin horon malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, aka ɗebi waɗanda ba su da takardar koyarwa aka ba su alli. A Azare ma aka buɗe babbar kwalejin horon malamai a 1977, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aminu Saleh. A lokacin kuɗin man fetur yana shigowa, Gwamnatin Tarayya ce take ɗauke da mafi yawan nauyin, ƙarin albashin Udoji na 1975 kuma bai daɗe da shiga aljihun ma'aikata ba.

Daɗin bai daɗe ba. Tsarin mulki na 1979 ya sa ilmin firamare cikin ayyukan da ƙananan hukumomi za su taimaka wa jihohi a kai, Gwamnatin Tarayya kuma ta fara janye hannunta. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu a watan Afrilu na 1982. Daga nan malaman firamare a jihohi da dama, Arewa da Kudu, suka riƙa yin watanni ba albashi, makarantu suka riƙa zama a rufe. Da soja suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, sai aka shiga rage ma'aikata, jihohi da yawa kuma suka komo da kuɗin makaranta ko harajin ilmi. Yawan yaran da ke firamare ya ragu a shekarun da suka biyo baya. Ƙofar da aka buɗe a 1976 ta fara rufuwa tun ba a yi shekara goma ba.

MIƘA WA WANNAN, KARƁE WA WANCAN

Abin da ya faru daga nan shi ne ainihin darasin da ƙungiyar malamai ba ta mantawa da shi. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Hukumar Ilmin Firamare ta Ƙasa, aka ware asusu na musamman, albashi ya riƙa zuwa a kan kari. Malamai suka numfasa. A 1991 sai wannan gwamnati dai ta rushe hukumar, ta miƙa wa ƙananan hukumomi makarantun firamare ɗungurungum, tare da ƙara musu rabo daga asusun tarayya. Amma kuɗin da ya shiga hannun shugabannin ƙananan hukumomi yana da masu jiransa da yawa, malami kuwa shi ne na ƙarshe a layi. Bashin albashi ya sake taruwa, yajin aiki ya game ƙasa. Dole a 1993 aka komo da hukumar, aka tsara a riƙa cire albashin malamai tun daga tushe kafin a ba ƙaramar hukuma abin da ya rage.

Wannan tsari ya yi aiki har zuwa 2002, sa'ad da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar rabon arzikin ƙasa tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi, ta ce ba daidai ba ne a riƙa yanke irin waɗannan kuɗaɗe daga asusun tarayya kafin rabo. Daga nan sai kuɗin ya koma bi ta hannun jihohi. A cikin shekara goma sha huɗu kacal, watau daga 1988 zuwa 2002, an canza wa malamin firamare mai biyansa sau huɗu.

HANYAR DA KUƊIN YAKE BI

Ga yadda abin ya kasance tun daga lokacin. Kowane wata ana zama a Abuja a raba kuɗin asusun tarayya. Gwamnatin Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 daga cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Rabon Gamawa da na sauran ƙananan hukumomi 19 na jihar ya saba sauka ne a asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Daga can ake cire albashin malaman firamare, Hukumar Ilmin Bai Ɗaya ta Jiha, watau SUBEB, ita take kula da su daga Bauci, Sakataren Ilmi na ƙaramar hukuma kuma shi ne mai lura da makarantu a Gamawa.

Wani zai ce, ina kuma kuɗin da ake ji Gwamnatin Tarayya tana bayarwa? Gaskiya ne, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a Sakkwato ranar 30 ga Satumba 1999, dokar 2004 kuma ta ware wa shirin kashi 2 daga cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. To amma babban kason wannan kuɗi na gine-gine ne da kayan aiki, kuma jiha ba ta samunsa sai ta ajiye nata daidai da shi. Ba a biyan albashin wata-wata da shi. Wannan shi ya sa matafiyi yakan ga sabon ginin aji mai fenti a bakin hanya, ya leƙa ya tarar da yara a zaune ba malami. Gini ana yinsa sau ɗaya a ɗauki hoto, malami kuwa sai an biya shi wata goma sha biyu a shekara har ya yi ritaya.

YARJEJENIYAR 2008

Babu inda wannan tangarɗa ta fito fili kamar a 2008. Tun farkon shekarun 1990 NUT take neman a yi wa malamai tsarin albashi nasu na musamman. A ƙarshen watan Yuni na 2008, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ƙungiyar ta rufe makarantun firamare da na sakandare na gwamnati a duk faɗin ƙasa. Gwamnatin Tarayya ta ce ita malamanta kaɗan ne, ba za ta tilasta wa jihohi abin da za su biya ba, a je a nemi gwamnoni. Bayan an shafe makonni makarantu suna rufe, sai Ƙungiyar Gwamnoni, wadda Dokta Bukola Saraki na Kwara yake shugabanta a lokacin, ta amince da ƙarin kashi 27 da rabi daga cikin ɗari. Aka sa hannu, aka koma aji.

Hausawa sun ce alkawari kaya ne, amma wannan kaya ba a faɗi wanda zai ɗauka ba. Ƙungiyar Gwamnoni ba hukuma ba ce da take da asusun biyan albashi, yarjejeniyarta kuma ba doka ba ce da za a kai wani kotu a kanta cikin sauƙi. Kowace jiha ta koma ta yi yadda ta ga dama. Waɗansu suka biya, waɗansu suka biya rabi, waɗansu suka yi shiru. Har 2013 ana yajin aiki a jihohin da ba su cika ba. Watau abin da aka ci a Abuja cikin makonni, sai da reshen kowace jiha ya sake yaƙinsa shekara da shekaru.

Haka abin yake da mafi ƙarancin albashi. An mai da shi Naira 18,000 a 2011, Naira 30,000 a 2019, Naira 70,000 a 2024. Kusan kowane karo ma'aikatan jiha su ke fara samu, malaman firamare su biyo baya, domin ana lissafa su cikin ma'aikatan ƙaramar hukuma. A Binuwai sai da malaman firamare suka yi wajen wata takwas suna yajin aiki daga ƙarshen 2013 zuwa tsakiyar 2014 a kan wannan batu.

BARAZANA GA AIKIN KANSA

Albashi dai gefe guda ne. Akwai hanyoyi uku da aikin malami kansa yake shiga haɗari.

Ta farko ita ce tantancewa. Ba wanda yake musun cewa akwai ma'aikatan bogi a takardun albashi, kuma kuɗin da suke ci haƙƙin jama'a ne. Jihar Bauci ta yi babbar tantancewa a 2016 zamanin Gwamna Mohammed Abdullahi Abubakar, ma'aikata da yawa suka yi watanni ba su ga albashi ba. A 2019 kuma, zamanin Gwamna Bala Mohammed, aka ba da sanarwar an sami sunaye fiye da 41,000 waɗanda ba su da lambar banki ta BVN a takardun biya. Matsalar ita ce tankaɗen yakan haɗa da mai gaskiya. Kuskuren harafi ɗaya a suna, ko bambancin ranar haihuwa tsakanin takarda da banki, ya isa a tsai da albashin mutum. Malamin da ke cikin garin Bauci sai ya taka zuwa ofis ya gyara. Na Gamawa kuwa sai ya ranci kuɗin mota, ya bar ajinsa, ya kwana a gidan wani, wataƙila a ce masa ya komo mako mai zuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Ta biyu ita ce kora ta hanyar jarrabawa. A 2017 gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, ta ce 21,780 ba su sami maki 75 da ta gindaya ba, ta sallame su. NUT ta shiga yajin aiki a watan Janairu na 2018, ta janye bayan kwana goma ba tare da an mai da su ba. A 2022 aka sake sallamar 2,357, har da shugaban NUT na ƙasa, Audu Titus Amba, wanda ya ƙi zama jarrabawar. Malaman sauran jihohin Arewa sun ga wannan, sun kuma san cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Ta uku ita ce mafi shiru, ita ce kuma ta fi cutar da ƙauye. Malami ya yi ritaya ko ya rasu ko ya sami wani aiki, ba a maye gurbinsa ba. Ba a kori kowa ba, ba wanda zai yi zanga-zanga, amma kuɗin albashi ya ragu, makarantar da take da malamai shida ta koma uku. A maimakon ɗaukar na dindindin sai a cike giɓin da na wucin gadi, kamar matasan shirin N-Power da aka fara a 2016 ana ba su Naira 30,000 a wata, waɗanda aka sallami rukuninsu na farko da na biyu a 2020. Alhali kuwa Kwalejin Azare tana yaye masu takardar NCE kowace shekara, da yawansu suna zaune ba aiki.

ALKAWARIN 2020 DA HUKUNCIN 2024

Ranar 5 ga Oktoba 2020, ranar malamai ta duniya, Ministan Ilmi Malam Adamu Adamu, wanda shi ma ɗan Azare ne, ya karanta saƙon Shugaba Muhammadu Buhari cewa an amince da albashi na musamman ga malamai, da alawus ga masu aiki a karkara, da ƙara shekarun ritaya zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki. Maganar ritaya ta zama doka a 2022. Maganar kuɗi kuwa ta ci karo da katangar da ta tare ta 2008, domin mai alkawarin ba shi ne mai biyan malamin firamare ba.

Sa'an nan ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Jama'a da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja, domin an daɗe ana kukan cewa asusun haɗin gwiwa ya zama rumbun da jihohi suke ɗiba. NUT ba ta ƙi 'yancin ƙananan hukumomi ba, amma tun a 2017 ta yi jerin gwano a jihohi tana cewa kada a haɗa da albashin malamai. Tsoronta shi ne kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago, a koma 1991. Shekara guda bayan hukuncin, yawancin ƙananan hukumomi ba su fara karɓar kuɗinsu kai tsaye ba.

Abin da ya faru a Abuja kanta ya ƙara wa malamai wannan tsoro. A can ƙananan hukumomi shida na birnin tarayya su ke biyan malaman firamare. Daga watan Maris zuwa watan Yuli na 2025 makarantun firamare na gwamnati suka zauna a rufe fiye da wata uku saboda ba a biya sabon albashin Naira 70,000 da bashinsa ba, sai da Ministan Abuja Nyesom Wike ya sa baki. In haka ta faru a inda fadar shugaban ƙasa take, mutanen Udubo da Raga suna da dalilin tambayar yadda tasu za ta kasance.

ƘUNGIYA MA TANA DA NATA

Ba za a ce duk laifin na hukuma ba ne. Iyaye a ƙauye sun san malamin da ba ya zuwa sai ranar da mai duba makarantu zai zo, sun san wanda aka ɗauka don ɗan wane ne alhali ba ya iya rubuta wasiƙa, sun san wanda aka tura ƙauye ya bi ta bayan gida aka mai da shi gari. Ƙungiyar da ta kare irin waɗannan tana zubar da mutuncin malaman kirki, tana kuma ba gwamnati hujjar yin irin ta Kaduna. Haka kuma ciniki yakan tsaya ne a kan kashi nawa za a ƙara, ba a cika jin an rufe makarantu don neman a ɗauki sababbin malamai, ko don a daidaita rabonsu tsakanin birni da ƙauye ba. Ga yaron Kubdiya kuwa, yawan malaman da ke makarantarsu ya fi masa muhimmanci bisa kowane kashi.

Tarihin shekara hamsin ɗin nan ya nuna cewa lokutan da albashi ya fi zuwa a kan kari su ne lokutan da doka ta ambaci mai biya, ta kuma ware kuɗin tun daga tushe, kamar daga 1988 zuwa 1990 da kuma bayan 1993. Duk yarjejeniyar da ba ta faɗi wane ne zai biya ba, daga wane asusu, a wace rana, da abin da zai biyo baya in bai biya ba, to sai an sake zama a kanta.

ABIN DA YA RAGE GA MAZAUNA KUDU

'Yan ƙasar Katagum da ke Kudu ba su da kujera a teburin ciniki, amma suna da abubuwa biyu da ake jin tsoro, watau ƙungiyoyin ci gaban garuruwansu da ƙuri'un danginsu. Mutumin da ya zo gida da Salla ko da damina yana iya taka wa zuwa makarantar 'ya'yansa ya tambayi hedimasta: malamai nawa ne a takarda, nawa ne suke zuwa, yaushe rabon da a kawo sabo, akwai wanda aka tsai da albashinsa? Kowace makaranta ya kamata tana da kwamitin iyaye da dattawan unguwa mai kula da ita, kuma wasiƙar da ta fito daga irin wannan kwamiti, ko daga ƙungiyar 'yan gari mazauna Ikko, zuwa ga Sakataren Ilmi da ɗan majalisar jiha, ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Haka nan in 'yan takarar shugabancin ƙaramar hukuma suka biyo su har Agege ko Sabo ta Badun suna neman goyon baya da gudummawa, tambayar da ta dace a yi musu ita ce: in kuɗin Gamawa ya fara zuwa hannunku kai tsaye, albashin malamai ne farkon abin da za a cire ko kuwa ƙarshe, kuma malamai nawa za ku ɗauka? Ƙungiyoyin 'yan gari da yawa sun saba tara kuɗi su gyara rufin aji ko su sayi benci, wannan kuwa aikin lada ne. Sai dai wanda ya sayi benci yana da haƙƙin ya tambayi wanda zai tsaya a gaban allo, da kuma wanda zai biya shi a ƙarshen wata.